Malam Sannu-Sannu, Ƙanen Sarki

Idan ka bi titin da ya zagaya ta bayan tsohuwar tashar mota, ka wuce shagon mai faci, za ka ga wani ɗan ofis mai koren fenti, da allo a samansa wanda rana ta cinye rabin rubutunsa. Makarantar koyon tuƙi ce. A ciki akwai tebur, da benci, da fanka mai kuka kamar tana ciwon haƙori, sai hotunan alamomin hanya manne a bango. A ƙofa kuma, ƙarƙashin bishiya, akwai wata 'yar farar mota wadda babu kusurwarta da ba ta sha duka ba. Mai wannan wuri shi ne wanda gari ke kira Malam Sannu-Sannu. Rabin direbobin garinmu a hannunsa suka koya, har da ni. Kuma ƙanen sarki ne, uwa ɗaya uba ɗaya, maganar da baƙo ba ya yarda da ita sai an rantse masa.

A gida Auta ake ce masa. Ya zo duniya bayan an cire rai da haihuwa, lokacin yayansa, wanda yanzu yake kan karaga, har ya shiga makarantar kwana. Mahaifinsu ne sarki a wancan zamanin, mutum mai tsare gida, wanda in ya yi gyaran murya a falo sai ka ji har kaji sun nutsu. Idon fada duk a kan babban yake. Shi ake kawo wa malamai, shi ake zaunarwa a gefe in an yi baƙi, shi ake gyara wa zama da tafiya da yadda ake dariya ba a buɗe baki da yawa ba. Auta kuwa aka sake shi ya yi ta walagigi. In an neme shi an rasa, mahaifiyarsu, wadda kowa ke kira Mama, sai ta ce, "Ku duba gareji." Can za a tarar da shi, ƙafafu kaɗai a waje, sauran jiki a ƙarƙashin mota, yana miƙa wa tsohon direban gidan sifana.

Wannan tsohon direba ne ya fara ɗora shi a kan matashi ya riƙe sitiyari, tun ƙafarsa ba ta kai birki ba. Da ya girma aka tura shi karatun harkar mulki, ko zai yi wa gida amfani. Ya dawo da takardar da ba ta isa a rataye a bango ba, amma babu motar malami a makarantar nan da bai san ciwonta ba. Mahaifinsu ya dubi takardar, ya dubi baƙin mai a faratan ɗansa, ya yi ajiyar zuciya ya ce, "To, kowa da kiwon da ya karɓe shi."

Da tsohon sarki ya rasu aka ɗora yayan, ba a rasa masu zuga ba. Wasu dattawa da ba su samu shiga a sabuwar fada ba suka same shi a gefe, murya ƙasa-ƙasa.

"Kai ma fa ɗa ne. Jinin nan da ke jikinsa shi ne a jikinka."

Auta ya ce, "Haka ne, Baba. Amma kun taɓa lura da kujerar nan da kyau? Ba ta da taya. A ce in wuni a kanta ina sauraron wanda akuyarsa ta ci shukar wani? Ku bar Yaya da kayansa, shi aka haifa da haƙurin zama."

Sabon sarki ya so ya ja ƙanensa a jiki, sai ya ba shi kula da motocin fada. Auta ya yi murna, ya ɗauka aljanna ce ta samu. Ashe ofis aka ba shi mai sanyi da labule. Duk sanda ya sunkuya zai leƙa inji, sai mutane su rugo, "A'a, ranka ya daɗe, kawo mu yi!" Bai yi nisa ba ya fara ramewa. Wata safiya ya je ya durƙusa gaban yayansa ya ce a yi masa afuwa, in aka bar shi a ofishin nan zai mutu da tsabta. Sarki ya yi dariya har ya manta da buɗe baki kaɗan, ya sallame shi. Da haka aka buɗe ofis mai koren fenti.

Sunan Sannu-Sannu daga bakinsa ya fito. Ko ɗalibi ya nufi bango gadan-gadan, ba ya ihu. Zai sa ƙafa a kan nasa birkin, don motar birki biyu gare ta, ɗaya a gefen malami, ya ce, "Sannu-sannu, bangon ba gudu zai yi ba." Mace ɗaya ce ta taɓa sa shi ɗaga murya, wata ma'aikaciyar jinya mai kaifin baki da ta zo koyo, ta ce ita ba ta ga amfanin giya ta ɗaya ba tunda akwai ta uku. Suka yi ta musu daga darasin farko har na ƙarshe, da ta karɓi lasisi kuma suka ga musun bai ƙare ba, sai suka yi aure don su ci gaba. Har yau Nas yake kiranta. Ita kuma takan ce da ta san ɗan sarki ne tun farko da ta ja aji, amma wa zai ga mutum da tsumma a aljihun baya ya kawo haka a ransa?

Zama ƙanen sarki ya jawo masa ɗalibai iri-iri. Akwai masu zuwa don mota, akwai masu zuwa don fada. Wani ɗan kwangila mai tumbi ya taɓa yin rajista, ya rantse bai taɓa riƙe sitiyari ba. Ya shiga yana karkarwar ƙarya, yana tambayar wanne ne birki. Suna hawa titi ya fara, "Malam, akwai wani fili can bakin kogi, da za ka ɗan sa baki wurin mai martaba..." Sai ga kare ya faɗo titi. Kafin Auta ya motsa ƙafa, mutumin nan ya kauce, ya sauya giya, ya dawo hannunsa, duk da hannu ɗaya, bai ma yanke maganar filin ba.

Auta ya ce, "Tsaya nan. Sauko mu yi musanya, kai za ka koya mini."

Daga ranar ya kafa doka: ba a maganar fada sai an kashe inji, in an kashe inji kuma darasi ya ƙare, malam ya tafi shan shayi.

Tsakaninsa da yayansa kuwa lafiya lau. A bainar jama'a yana zubewa ya yi gaisuwa kamar kowa, ranka ya daɗe sama, ranka ya daɗe ƙasa. In sun keɓe sai ya koma Yaya. Ba ya son babbar ƙofa, ta ƙofar baya yake shiga, wajen kicin. Sau da yawa sabon mai gadi kan tare shi ya ce, "Kai ne mai gyaran janareto?" Sai ya ce eh, ya je ya duba janareton, sannan ya wanke hannu ya wuce ciki.

Mama ce ta tayar da abin da ya sa nake ba da wannan labari. Bayan rasuwar mijinta ta ƙi zaman fada, ta ce hayaniya ta yi mata yawa, ta koma wani ƙaramin gida a gefen gari mai bishiyar gwaiba a tsakar gida. Tsufa ya kama idonta, likita ya ce a riƙa kawo ta ana dubawa. Sarki yakan aiko da doguwar mota baƙa da direba mai farar safar hannu. Mama takan leƙa ta taga ta ce a mayar, ita ba gawa ba ce. Sai Auta ya zo da 'yar farar motarsa da allon ɗan koyo a gaba da baya, ta shiga tana mita, ya kai ta ya dawo da ita.

Wata rana suka haɗu su biyu a ɗakinta, sarki a kan kujera, Auta a ƙasa yana gyara mata rediyo. Sarki ya yi ƙorafi, cikin ladabi, cewa ana mayar masa da mota.

Mama ta ce, "Babba, kai komai sai dai ka aiko. Gaisuwa aike, magani aike, mota aike. Ɗan'uwanka da hannunsa yake kai ni. Kai tun da na haife ka, ka taɓa kai ni ko bakin titi?"

Ta faɗa ne tana ɓare lemo, ta wuce wurin. Amma maganar ta zauna wa sarki. Gaskiya ce kuma, bai iya mota ba. Yana saurayi ya taɓa gwadawa, ya rushe ginin da ya kewaye furannin mahaifinsu, daga nan bai sake ba. Bayan haka karatu, sai aiki mai direba, sai sarauta.

Bayan kwana biyu aka kira Auta fada. Sarki ya sallami kowa, ya rufe ƙofa da kansa.

"Auta, mutum mai shekaruna yana iya koyon mota?"

"Yaya, na koya wa wadda ta girme ka. Sai dai ita tana jin magana."

Suka shirya a ɓoye. Da sassafe, kafin gari ya cika, Auta yakan tsaya a ƙofar kicin. Sarki ya fito cikin riga da wando marasa ado, da hula mai baki irin ta 'yan ƙwallo, da baƙin tabarau. Shugaban masu tsaronsa, wani dogo da ba a taɓa ganin haƙoransa ba, ya ce sam bai yarda ba, daga baya aka daidaita a kan zai riƙa bin su a wata mota daga nesa, nesa sosai. Wurin koyon wani fili ne a bayan tsohuwar masaƙa da aka rufe, inda Auta ya jera tsofaffin tayoyi da ganguna.

Ranar farko harshen Auta ya ƙi sakuwa. Ga mota ta nufi ganga, shi kuma yana cewa, "Ranka ya daɗe, in ba damuwa, da za a ɗan daure a taimaka a taka..." Garam! Ganga ta yi sama. Don tsabar ladabi har nasa birkin ya manta.

Sarki ya ce, "Kafin ka gama wannan gaisuwar ai mun riga mu gidan gaskiya. Faɗa mini kai tsaye, yadda kake faɗa wa kowa."

To, an ba kura ajiyar nama. Mutumin da gari ya sani da sannu-sannu sai ga shi ya samu murya. "Yaya, kuloci! Kuloci na ce, wannan ƙafata ce!" "Yaya, madubin nan ba don gyaran hula aka sa shi ba!" Nas ta ce a kwanakin nan mijinta yakan dawo gida yana waƙa, abinci ma har ƙari yake nema. Ta tambaye shi ko duk ranƙwashin da ya sha yana yaro ne yake ramawa. Ya ce Allah ya kiyaye, aiki ne kawai.

Sarki ba daƙiƙi ba ne, ya kama giya da wuri. Matsalarsa biyu ce, kuma duk sarauta ce ta jawo. Ta farko, bai san ana ba wani hanya ba, don tun da yake bai taɓa ganin mota a gabansa ba sai ta masu jiniya. Ta biyu ta fi muni: duk wanda ya ɗaga hannu a bakin hanya, sai hannun sarki ya saki sitiyari ya tashi amsa gaisuwa, ba tare da ya sani ba.

Ranar da suka fara fita daga fili zuwa ƙaramar hanyar da ta bi bayan masaƙar, an kwana ana ruwa, ƙasa ta yi laushi. Suna tafe lafiya, Auta har ya fara yabo. Sai wani mutum a bakin hanya ya ɗaga hannu, ƙuda yake kora. Hannun sarki ya tashi. Mota ta karkata hagu, Auta ya danne birkinsa, amma taɓo ya ce bai san zance ba. Suka sulala a hankali, kamar a mafarki, suka shige cikin igiyoyin shanya. Duniya ta yi fari fat. Da suka tsaya, wani zanen gado ya rufe gilashin gaba, sauran kuma suna kwance cikin taɓo, taya ta bi ta kan wasu.

Mai shanyar wata tsohuwa ce 'yar gajeruwa, mai wanke wa wani ƙaramin otal zannuwan gado. Tun asuba take aiki, ta gama ke nan. Ta zo ta yaye zanen daga gilashi, ta leƙa, ta dubi allon ɗan koyo, ta dubi furfurar da ta leƙo ta ƙarƙashin hula.

"Kai, tsoho da kai! Sa'anninka suna gida suna wasa da jikoki, kai kana nan kana koyon kashe mutane? Fito!"

Auta ya yi wuf ya fito. "Iya, yi haƙuri, laifina ne, ni ne malaminsa. Duk abin da ya lalace..."

"Rufe mini baki, malamin banza. Ni ba abin hannunku nake so ba. Kafin rana ta take za a zo karɓar kayan nan. Ga baho, ga sabulu, ga famfo. Yadda kuka same su haka za ku bar su."

Auta ya buɗe baki zai faɗi ko wane ne a motar, sai ya ji an taka masa ƙafa. Sarki ne ya fito, yana naɗe hannun riga.

"Iya ta fi mu gaskiya. Auta, ɗauko bahon."

Haka aka yi. Sarki yana cuɗawa, Auta yana ɗauraya, in an zo matsa kowa ya kama gefe ɗaya suna murɗawa. Tsohuwa ta zauna a kan bokitin da ta kife tana ba da umarni. Ta ce wa sarki hannunsa kamar na jariri, da gani matarsa ta sangarta shi. Ta tambaye shi sana'arsa, ya ce sauraron ƙararraki. Ta ce ai ga irinta nan, zaman ofis ya kashe muku jiki.

Shugaban masu tsaro, da ya ga shiru ya yi yawa, ya ƙaraso da motarsa. Ya fito ya ga ubangidansa tsugune gaban baho, kumfa har gwiwar hannu. Mutumin nan ya ƙame, ya sara, ya ce: "Ranka ya daɗe! Mai martaba!"

Tsohuwa ta dubi dogon, ta dubi mai wankin. Sarki ya cire tabarau don kumfa ta shiga idonsa. Nan ta gane fuskar da ke rataye a bangon otal ɗin da take yi wa wanki. Ta zame daga kan bokiti ta zube, tana salati, tana cewa ta shiga uku, a yafe mata, bakinta ne ba shi da linzami tun tana yarinya. Sarki ya sa hannu ya ɗaga ta, ya ce ita ce za ta yafe. Ta miƙe tana share ido da gefen zane. Sai idonta ya faɗa kan abin da ke cikin baho, ta kasa daurewa.

"Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka... wancan gefen bai fita ba."

Sarki ya koma ya tsuguna. Shugaban masu tsaro ma ya cire agogo ya kama ɗauraya, kuma a ranar ne aka tabbatar yana da haƙora.

Bayan wannan Auta ya samo maganin hannun. Ya ce wa yayansa duk wanda ya gaishe shi ya amsa da ka. Aka yi ta fama har hannu ya haƙura. Da damina ta ja baya, Auta ya ce ya isa, a gwada.

Ranar ganin likita, 'yar farar mota ta tsaya a ƙofar gidan Mama kamar kullum. Auta ya riƙo hannunta ya zaunar da ita a gaba, shi ya koma baya, abin da bai taɓa yi wa ɗalibi ba. Mama ta juya ta ƙura wa direba ido, ta matso kusa don idon ba ya gani sosai.

"Wa nake gani kamar Babba?"

"Ni ne, Mama. Yau ni zan kai ki."

Ta kai hannu ta taɓa kafaɗarsa kamar mai tabbatarwa, ta gyara mayafinta, ta ce, "To, bismilla. Allah ya sa na yi sallama da maƙwabta."

Sarki ya tuƙa kamar mai ɗauke da ƙwai a cokali. Ya ba kowa hanya, har wanda bai nema ba. Masu keke suka riƙa wuce su. Wani mai tura baro ya jera da su na ɗan lokaci, sannan ya gaji ya yi gaba. A shataletale ya zagaya sau biyu don ya rasa inda zai fita, Auta a baya yana cizon hula don kar ya yi magana. Mama kuwa bakinta bai huta ba: ya matsa, ya yi hon, wancan ai ba uban wani ba ne da zai tsaya masa, in haka za a tafi gara ta sauka ta taka. Amma Auta ya ce tun daga gida har asibiti hannunta na kan gwiwar ɗanta, ba ta ɗauke ba.

Da suka isa, sarki ya kashe mota, rigarsa sharkaf da gumi. Mama ta ce, "Ka kyauta, Babba. Allah ya yi maka albarka." Ta ɗan dakata. "Komawa dai Auta zai ja. Ina da wanki a gida."

'Yan'uwan suka haɗa ido, suka tuntsire da dariya, ita kuma ta rasa abin dariya a maganar wanki.

Sarki bai sake hawa babban titi ba, masu tsaro sun roƙe shi don Allah don Annabi. Amma an ce wasu ranaku da safe yakan zagaya harabar fada a wata ƙaramar mota, kuma masu lambu sun kwashe tukwanen furanni sun kai bayan gini.

Malam Sannu-Sannu yana nan a ofishinsa. Furfura ta gama kansa, babbar 'yarsa ce ke koya wa mata yanzu, kuma ta fi shi ɗalibai. Kwanan baya na bi ta wurin na same shi zaune a benci ya yi tagumi, yana kallon wata sabuwar mota mai sheƙi da 'yar ta kawo, irin wadda ke sauya giya da kanta. Na yi masa murna. Ya girgiza kai.

"Murnar me? Mota ba kuloci, ba giya. Ka taka ta tafi, ka taka ta tsaya. To ni me zan koya wa mutum, yadda ake kunna rediyo?"

Nas, wadda ta kawo masa abincin rana, ta ajiye kwano ta ce ai ita tun farko ta faɗa, giyoyin nan sun yi yawa. Ya ce ba haka ta ce ba, cewa ta yi ta ɗaya ce ba ta da amfani. Ta ce duk ɗaya ne. Ya ce ina, da bambanci. Na yi musu sallama ba wanda ya ji ni.